Bango Mai Sunaye 77,297

A tsohuwar unguwar Yahudawa ta birnin Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, akwai wani ɗaki da idan ka shiga za ka fara ɗauka fenti aka yi wa bangonsa, mai ruwan toka da ɗan ja-ja a ciki. Sai ka matsa har ya rage taku biyu tsakaninka da bangon, sannan idonka zai rarrabe cewa rubutu ne. Layi bisa layi, tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa, sunayen mutane ne aka rubuta da hannu, ƙanana-ƙanana, a cushe. Sunan dangi da jan launi, sunan yanka da baƙi, sai ranar haihuwa, sai wata rana ta biyu. Ta biyun ita ce ranar mutuwa idan an san ta. Idan ba a sani ba, sai a sa ranar ƙarshe da aka ji ɗuriyar mutumin, galibi ranar da aka cusa shi a taragon jirgin ƙasa aka nufi gabas da shi. Ka bi gida guda da ido, za ka ga shekarun haihuwa sun sha bamban: wannan dattijo ne, wannan matarsa, wannan kuma bai isa shiga makaranta ba. Amma rana ta biyun sau da yawa ɗaya ce, daga kan uba har ɗan auta.

Sunan wurin majami'ar Pinkas, wato ɗakin ibadar Yahudawa. Wani attajiri mai suna Aharon Meshulam Horowitz ya gina ta a 1535, kuma a duk majami'un Yahudawa da suka rage a Prag, guda ɗaya ce kawai ta girme ta. Tana jingine da tsohuwar maƙabartar Yahudawa, inda duwatsun kabari kimanin 12,000 suke tsaye a karkace, kafaɗa da kafaɗa, saboda ƙarancin fili ya sa an yi ɗaruruwan shekaru ana zuba ƙasa ana binne wani a kan wani. Wanda ya san masallaci ba zai ɓata a cikinta ba. A bangon gabas, ɓangaren da ke fuskantar Birnin Ƙudus, akwai ma'ajiyar da ake adana littafin Attaura, tana zaune kamar yadda mihrabi yake zama. A tsakiyar ɗakin akwai dakali da aka kewaye da ƙarfen ƙira, inda ake tsayawa a yi karatu. Akwai kuma bene na mata. Shekara ɗari huɗu aka yi ana ibada a nan kafin a kwashe masu ibadar.

Abin da ya dame ni a wannan makon tambaya ce da masu tsara gidajen tarihi a Turai suka daɗe suna fama da ita. An ba ka irin wannan ginin, an ce ka mayar da shi wurin tunawa da kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Me za ka sa a ciki? Ni dai ra'ayina shi ne, mai wannan aiki ya fara koyon rage hannu. Ginin ya riga shi magana, kuma ya fi shi sanin abin da ya faru. Duk akwatin gilashi da duk allon majigin da zai shigo da shi, to wani yanki na muryar ginin ya danne, saboda haka sai ya tabbata abin da ya kawo ya cancanci wurin da ya ci.

Ga yadda aka kai ga wannan bango. A ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Prag, aka mayar da yankunan Bohemiya da Morabiya ƙarƙashin ikon Hitler. Aka bi Yahudawa da dokoki ɗaya bayan ɗaya: aka raba su da aiki, da dukiya, da makaranta, aka tilasta musu maƙala tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirji. A Oktoban 1941 jiragen farko suka tashi zuwa Lodz a ƙasar Foland. Wata guda bayan haka aka buɗe sansanin Terezin, wani tsohon garin soja mai tazarar kilomita 60 arewa da Prag, wanda ya zama zango kafin Auschwitz, Treblinka da sauran wuraren kisa. Kayan majami'un da aka rufe a garuruwa fiye da ɗari, littattafan Attaura da labule da kayan azurfa, aka tattaro su Prag, ma'aikatan gidan tarihin Yahudawa suna rajistarsu ɗaya-ɗaya, alhali su ma suna jiran ranar da za a kira sunansu. Akasarinsu ba su tsira ba.

Cikin waɗanda suka tsira akwai Hana Volavkova, masaniyar tarihin zane-zane, wadda ta shugabanci gidan tarihin bayan yaƙi. Ku duba halin da take ciki: rumbunan ajiyarta cike suke da kaya, dubbai a kan dubbai, kowanne ya isa a sa shi a gilashi a haska masa fitila. Da ta ga dama da ta cika Pinkas da su maƙil, kuma ba wanda zai zarge ta. Sai ta zaɓi a bar ɗakin fayau, a rubuta sunaye. Masu zane biyu, Vaclav Bostik da Jiri John, suka kwashe shekaru biyar na ƙarshen shekarun 1950 suna rubutu. An ɗauko sunayen ne daga katunan rajista da jerin fasinjojin jiragen da aka yi lokacin mamaya, wato takardun da aka tsara domin a kwashe mutane cikin sauƙi su ne suka zama hujjar cewa mutanen sun taɓa rayuwa. Aka jera su gari-gari, a cikin kowane gari kuma dangi-dangi bisa haruffa. Mutanen Prag suna babban ɗakin, na sauran garuruwa suna ɗakunan da ke kewaye. A gefe biyu na ma'ajiyar Attaura aka rubuta sunayen sansanonin gwale-gwale da aka kai su.

Jerawar nan ta gari-gari ita ce ta fi burge ni. Wanda ya kwashe su ya ba kowa lamba, ya raba miji da mata a bakin jirgi, ya watsa 'yan unguwa ɗaya a sansanoni daban-daban. Bangon ya sake haɗa su. Maƙwabci ya dawo kusa da maƙwabcinsa, 'ya'ya sun dawo ƙarƙashin sunan ubansu, kuma duk suna cikin ɗakin ibada, irin wurin da suka saba haɗuwa ranar Asabar. A wurinmu ma, idan aka yi rasuwa, abin da ake fara tambaya shi ne ɗan gidan wane ne, a wace unguwa. Mutum da danginsa da garinsa ake saninsa. Idan aka ce an kashe Yahudawa miliyan shida a Turai, kai yana ɗauka, amma zuciya ba ta da inda za ta kama. Suna kuwa, da shekarar haihuwa a gefensa, yana sa ka yi lissafi ba tare da ka shirya ba: wannan da tana da shekara tara.

Don a gane darajar wannan zaɓi, a dubi abin da ya faru a Essen ta ƙasar Jamus. An gama gina babbar majami'ar garin a 1913, gini na dutse mai ƙatuwar ƙubba. A daren 9 ga Nuwamba 1938, daren da aka ƙona majami'u a faɗin Jamus, aka cinna mata wuta. Cikin ya ƙone, gangar jikin ta tsaya, har ta tsallake ruwan bama-baman yaƙi. A 1959 hukumar birnin ta saye ta. Sai aka rushe abin da ya rage na ma'ajiyar Attaura, aka shafe adon bango, aka yi silin da ya ɓoye ƙubbar, aka mayar da wurin gidan baje kolin kayan masana'antu na zamani. Abin da wutar 1938 ta bari, masu gyara suka ƙarasa shi da hannunsu, cikin kwanciyar hankali, da kasafin kuɗi da takardar izini. Sai da gobara ta tashi a 1979 sannan aka farga, aka mayar da ginin wurin tunawa a 1980, daga baya kuma aka sake dawo da siffar cikinsa. Ba na zaton waɗanda suka yi wannan aiki sun ɗauki kansu maƙiyan kowa. Sun ga fili ne mai faɗi a tsakiyar gari, suka ga ana iya amfani da shi. Wannan ido da ke kallon ɗakin ibada a matsayin fili kawai, shi nake tsoro, ko da kuwa abin da za a baje a ciki tarihin kisan ne da kansa.

Domin akwai wata hanyar cika ɗaki da ta fi kama da girmamawa, amma ita ma danniya ce. Ita ce a rufe bangon da manyan hotunan gawarwaki tsirara, da ramukan da aka tura su da katafila, a kashe fitilu, a saki sautin kuka da ƙarar jirgi. Hotunan gaskiya ne, kuma dole a adana su a nuna su, tunda har yau akwai masu musun abin da ya faru. Amma mu tuna cewa da yawa daga hotunan lokacin, makasan ne suka ɗauke su, da idonsu da manufarsu. Wanda aka tuɓe aka wulaƙanta a rayuwarsa, bai kamata a sake tuɓe shi a gaban dakalin da ya taɓa tsayawa da rigarsa ta ado ya yi karatu ba. Mu da muke gaggawar lulluɓe mamaci, muke ƙin a ga tsiraicinsa ko da wajen wanka, bai kamata wannan ya zama mana baƙon tunani ba.

Za a iya ce mini, ai a Ruwanda an bar tufafin waɗanda aka kashe a kan bencina a cocin Nyamata, an bar hudojin harsashi a rufin, kuma ba wanda ya kira haka rashin ladabi. Gaskiya ne. Amma a Nyamata, a 1994, cikin cocin aka yi kisan. Mutane sun gudo neman mafaka aka rutsa da su a nan, saboda haka jinin da tufafin shaidar ginin ce ta kansa. A Pinkas ba a nan aka yi kisan ba. An yi shi ne can nesa, a dazuzzuka da ɗakunan iskar guba na gabas. Abin da wannan ginin ya gani da idonsa shi ne watsewa: sahu yana raguwa, har ranar da ba wanda ya zo. Kowane gini a bar shi ya ba da shaidar abin da ya gani. Idan aka ɗora masa ta wani wuri, an mayar da shi dandalin wasan kwaikwayo.

Akwai ƙorafi guda da nake ɗauka da muhimmanci. Waɗanda suka shiga Pinkas a 1960 sun san labarin, a jikinsu ya faru. Yaron da aka haifa a 2010, wanda malaminsa ya kawo shi cikin ayari, bai san me ake nufi da Terezin ba. Bango mai sunaye ba zai gaya masa wane ne ya sa hannu a doka ba, wane ne ya tuƙa jirgin, wane ne ya tare a gidan da aka bari. Tunawa ba tare da bayani ba tana iya zama baƙin ciki marar adireshi, kamar annoba ce ta faɗo daga sama. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai tsara irin wannan wuri dole ya amsa ta.

Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Budapest. Cibiyar tunawa da ke titin Pava, wadda aka buɗe a 2004, an gina ta ne a kewayen wata majami'a ta shekarun 1920, aikin Lipot Baumhorn. Ba su zuba bayanin a ɗakin ibada ba. Sun yi masa sabon gini, ana sauka ƙasa ana bin ɗakuna masu duhu, daga dokokin farko da suka tauye haƙƙi, zuwa ƙwace dukiya, zuwa watannin Mayu zuwa Yuli na 1944 lokacin da aka kwashe Yahudawan Hangari kusan 437,000 cikin makonni takwas, akasarinsu zuwa Auschwitz. Ba su ɓoye rawar da jami'an Hangari suka taka ba, kuma sun haɗa da labarin al'ummar Roma da su ma aka hallaka. Sai bayan ka gama wannan duka ka hau sama ka fito cikin majami'ar, mai haske da launin shuɗi da fari. A wani ɓangare na ɗakin an jera bencina na gilashi, ɗauke da hotunan mutane kamar yadda suke a rayuwarsu. Benci ne da ba a zama a kansa. Ina da ɗan ja da sautukan da aka saka a ɗakunan ƙasa, don ina ganin takardun da hotunan sun isa ba sai an kama mai kallo ta kunne ba. Amma rabon aikin ya yi daidai: ilimi a sabon gini, ɗakin ibada kuma a bar shi ya zama inda mutum zai tsaya ya sauke numfashi.

Berlin ma ta yi irin wannan kamun kai. Babbar majami'ar titin Oranienburger, da aka buɗe a 1866 mai ɗaukar mutum sama da 3,000, bam ya lalata ta a 1943, aka rushe babban ɗakinta a 1958. Da aka zo gyara daga 1988, sai aka maido da fuskar ginin da ƙubbarsa, aka ƙi sake gina ɗakin. An bar filin a buɗe, an shata iyakarsa a ƙasa, ana hangensa ta gilashi.

Na san akwai mai karatu da tun daga sakin layi na farko zuciyarsa ta tafi Gaza. Tawa ma tana can, kuma ba zan ce masa ya dawo da ita ba. Abin da zan roƙa shi ne ya dubi ranakun da ke bangon. Duk wanda sunansa ke nan ya mutu kafin ƙarshen 1945, shekara uku kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Tela ne, ko malamar makaranta, ko jariri. Ba su jefa wa kowa bam ba, ba su ƙwace gonar kowa ba. Kuma tarihin bangon kansa ya nuna abin da ke faruwa idan aka kama matattu da laifin rayayyu. A 1967, bayan yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, gwamnatin kwaminisanci ta Cekoslobakiya ta yanke hulɗa da Isra'ila. A 1968, shekarar da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga Prag, aka rufe Pinkas. Dalilin da aka bayar shi ne danshi, kuma danshin gaskiya ne. Aka kankare sunayen da sunan gyara. Sai gyaran ya ƙi ƙarewa har shekara fiye da ashirin, ƙofa a garƙame, har mulkin ya faɗi a 1989. Mutanen da aka shafe sau ɗaya da wuta, aka sake shafe su da burushi saboda yaƙin da aka yi bayan sun daɗe a ƙasa.

Suna ba na wata al'umma ɗaya ba ne. A Potocari kusa da Srebrenica, inda aka kashe Musulmin Bosniya maza da yara a Yulin 1995, an sassaƙa lamba 8,372 a dutse, kuma an jera sunaye a kan doguwar katangar dutse, dangi bayan dangi. A Oktoban 2023, da aka yi shakkar adadin waɗanda suka mutu a Gaza, hukumar lafiya ta can ta fitar da jerin sunaye da shekarun kowa. Duk wanda aka taɓa ce wa mutanensa ba su mutu ba, ko ba su kai yawan da yake faɗa ba, ga suna yake komawa.

Daga 1992 zuwa 1996 aka sake rubuta bangon Pinkas daga farko, da hannu, kamar yadda aka yi a da. A lokacin akwai na'urorin da za su buga sunayen a allunan ƙarfe ko gilashi cikin 'yan watanni, waɗanda ruwa ba zai ci ba. An ƙi. A Agustan 2002 kogin Vltava ya yi ambaliya, ruwa ya shiga majami'ar, wadda dama ƙasanta ya fi titi zurfi, ya lalata layukan ƙasa, aka sake durƙusawa aka gyara. Wani injiniya zai ce wannan rashin dabara ne, kuma ta fuskar aikinsa yana da hujja. Ni kuwa ina ganin bangon da ke buƙatar hannu kowane ƙarni ya fi allon da aka kafa aka manta. Wanda ya riƙe burushi ya rubuta sunan yarinya da shekararta, ya karanta shi aƙalla sau ɗaya a hankali. A 1997 Madeleine Albright, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, wadda aka haifa a Prag kuma ba ta daɗe da sanin cewa iyayenta asalinsu Yahudawa ne ba, ta zo ta tsaya a gaban wannan bango ta nemo sunayen kakanninta na wajen uba. Da an bar bangon a shafe, da ba ta da inda za ta tsaya.

Ba na cewa wurin ba shi da aibu. Ta harabarsa ake bi a shiga tsohuwar maƙabarta, kuma maƙabartar ce mafi yawan 'yan yawon buɗe ido suka zo gani. Saboda haka a lokacin bazara ayari kan tura ayari, wasu su ratsa ɗakin cikin 'yan mintuna da waya a hannu. Ɗakin da aka bari fayau domin a yi shiru yana cika da ƙafafu. Wannan ma aikin mai tsarawa ne, kuma ya fi zaɓen launin fitila wuya: mutum nawa za a bari su shiga a lokaci guda, ta ina za su fita, a ina tsoho zai zauna idan ƙafarsa ta gaji yana neman sunan ƙanwarsa.

Abu ɗaya aka yarda a baje a cikin ginin Pinkas, shi ma a bene aka sa shi, ba a babban ɗakin ba. Zane-zanen yaran Terezin ne. Wata mai zane 'yar asalin Biyana, Friedl Dicker-Brandeis, wadda ta yi karatu a makarantar Bauhaus, an kai ta sansanin a Disambar 1942. Ta riƙa tara yara tana koya musu zane da duk takardar da ta samu, har da bayan tsofaffin fom na ofis. Kafin a tura ta Auschwitz a Oktoban 1944, inda aka kashe ta, an cusa zane-zane sama da 4,000 a akwatuna biyu, suka tsira. Akwai gadaje masu hawa-hawa a cikinsu, da layin karɓar abinci, da masu gadi. Akwai kuma teburin gida da aka shimfiɗa wa ƙyalle, da furanni a kwalba, da yara suna wasa a lambu, da malam-buɗe-littafi. A kusurwar takardu da yawa yaron ya rubuta sunansa, wani lokaci da lambar rukuninsa, da irin rubutun ɗan firamare da ke danna fensir da ƙarfi. Mafi yawan waɗannan yara ba su dawo ba. Wanda ya riƙe suna ɗaya a ka, ya sauko daga benen, zai iya neman garin a bango, ya bi jajayen haruffa har ya kai ga dangin, ya same shi a tsakanin iyayensa.